Kunne a Ɗakin Gwaje-gwaje: Abin da Sauti Ke Gaya wa Masanin Kimiyya

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma duk wanda ya buɗe littafin kimiyya na makarantar sakandare zai ɗauka cewa masana kimiyya sun yi wa wannan karin magana mubaya'a baki ɗaya. Littafin cike yake da zane-zane da hotuna da jadawalin lambobi. Umurnin da ke ƙarƙashin kowane gwaji shi ne a duba launi, a karanta ma'auni, a zana abin da aka gani. Da wuya a tarar da inda aka ce wa ɗalibi ya kasa kunne. Amma duk wanda ya taɓa yini a ɗakin gwaje-gwaje ya san wurin ba shiru yake ba. Firji na gurnani a kusurwa, famfon zuƙe iska na bugawa, ruwa na tafasa, kwalabe na karo da juna, wani agogo na ƙara don tunatarwa. Tsohon ma'aikacin da ya shekara ashirin a ɗakin yakan tsaya cak a bakin ƙofa da safe ya ce akwai abin da ya lalace, tun bai taɓa kome ba. Idan aka tambaye shi yadda ya sani, sai ya ce ƙarar wurin ce ta sauya.

Wannan darasi zai duba irin wannan sani: inda ya samo asali, abin da ya taɓa haifarwa a tarihin kimiyya, inda yake yaudarar mai shi, da kuma yadda malami zai fara koyar da shi da kayan da ke makarantarsa.

Masu nazarin masu bincike

Akwai wani reshe na ilmi da aikinsa shi ne nazarin masana kimiyya su kansu, wato yadda suke aiki a zahiri, ba yadda suke ba da labarin aikin bayan an gama ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka share wannan fage shi ne Bruno Latour, Bafaranshe, wanda ya fara aikin nazarin al'umma a Abijan kafin ya tafi Amurka. Daga 1975 zuwa 1977 ya zauna a wani ɗakin bincike na Cibiyar Salk da ke Kalifoniya, yana kallon masu binciken kamar yadda baƙo kan kalli al'adun garin da ya sauka. A 1979 shi da Steve Woolgar suka fitar da littafi a kan abin da ya gani. Babban abin da ya ja hankalinsu shi ne cewa kusan kowace na'ura a ɗakin, ƙarshen aikinta shi ne ta fitar da wani rubutu: layi a kan takarda, ko lamba, ko hoto. Ɓera ya shiga, takarda ta fito. Daga nan masu wannan nazari suka ɗauki shekaru suna bin diddigin takardu da hotuna, kamar dai ido kaɗai ke aiki a wurin.

Mai karatun Hausa ya fi kowa saurin gane abin da ya ɓace a nan. Idan aka rubuta kalmar kuka, takarda ba ta nuna ko itacen da ake miya da ganyensa ake nufi, ko kuwa abin da jariri ke yi. A baki kuwa babu ruɗani, domin muryar da ke sauka a ƙarshen sunan itacen ba ta sauka a ɗayan. Rubutunmu na yau da kullum ya zubar da karin sauti, ya bar wa wanda ya iya harshen ya mayar da shi da kansa. Haka rahoton kimiyya yake. Yana ɗauke da sakamako, amma ya zubar da duk abin da kunne ya yi kafin a kai ga sakamakon, kuma sai wanda ya zauna a ɗakin ne zai iya mayar da shi.

A 2005 wani masanin tarihin kimiyya mai suna Cyrus Mody ya buga maƙala da ta jawo hankali ga wannan giɓi. Ya zauna da masu binciken fuskar ƙarafa da sauran ma'adinai, waɗanda ke aiki da madubai masu nuna abubuwa ƙanana ainun, ya nuna cewa sauti ne ke yanke musu hukuncin inda za a ajiye na'ura, da lokacin da za a yi aiki, da yadda sabon ɗalibi ke koyon sana'ar daga na gabansa. Bayansa Karin Bijsterveld ta Jami'ar Maastricht a ƙasar Holan ta jagoranci dogon bincike a kan sauraro a wurin likitoci da injiniyoyi da masana kimiyya, ta fitar da littafi a 2019. Ita da abokan aikinta sun raba manufar sauraro gida uku. Akwai sauraron gadi, wanda mutum ke yi yana cikin wani aikin, don ya tabbata kome na tafiya daidai. Akwai sauraron gano cuta, wanda ake yi bayan an san akwai matsala, ana neman inda take. Akwai kuma sauraron lalube, na mai neman abin da bai san da shi ba tukuna. Direban da ya ji motarsa ta sauya murya a kan hanyar Zariya ya yi na farko. Bakaniken da ya ɗora bakin sukudireba a jikin injin ya manna kunnensa a ƙotar ya yi na biyu. Na ukun shi ne wanda ya fi wuya, kuma za mu ga misalansa nan gaba.

Me kunne ya fi ido?

Sauti karkarwa ce da ke bin iska ko ruwa ko wani abu mai tauri. Inda babu abin da zai ɗauke ta, ba ta tafiya. Robert Boyle ya nuna haka a 1660 da ya rataye agogo a cikin tulun gilashi ya zuƙe iskar ciki, bugun agogon ya yi ta raguwa har aka daina jinsa. Kunnen matashi mai lafiya yana jin karkarwa daga kimanin 20 zuwa 20,000 a cikin sakan ɗaya. Yawan karkarwar shi ke sa sauti ya zama siriri ko kakkaura, ƙarfinta kuma shi ke sa ya yi ƙara ko ya yi ƙasa-ƙasa.

Ido gwani ne wajen sanin wuri, wato ina abu yake, mene ne girmansa. Kunne kuwa gwani ne wajen sanin lokaci. Majigin silima yana nuna hotuna 24 a sakan, ido ya haɗe su ya ga motsi ɗaya ba yankewa. Kunne yana iya gane giɓin shiru da bai wuce 'yan ɓangarori cikin dubu na sakan ba. Daɗin daɗawa, kunne ba shi da fatar rufewa, ba sai an juya an fuskanci abu ba kafin a ji shi, kuma yana aiki a cikin duhu. Mai bincike da idanunsa ke kan madubi, hannayensa biyu na kan maɓallai, kunne kaɗai ya rage masa da zai yi gadin sauran ɗakin.

Daga ganga zuwa lasifika

Likitoci ne suka fara mayar da sauraro ilmi mai ƙa'ida. A 1761 Leopold Auenbrugger, likita a birnin Biyana, ya bayyana yadda ake ƙwanƙwasa ƙirjin maras lafiya da yatsa a gane ko huhu na ɗauke da iska ko ya tara ruwa. Hikimar ɗaya ce da ta matar da ke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa kafin ta biya: lafiyayya tana amsawa tangaran, mai tsaga kuwa muryarta a dushe take. A 1816 René Laennec, a asibitin Necker da ke Paris, ya naɗe takarda kamar bututu ya ɗora a ƙirjin wata maras lafiya, ya ji bugun zuciya fiye da yadda ya taɓa ji. Wannan ne asalin abin sauraron ƙirji da muke gani a wuyan likita. Amma ba bututun ne babban aikinsa ba. Ya yi shekaru yana sauraron marasa lafiya, idan wani ya rasu ya duba huhunsa ya ga abin da ke ba da sautin da ya ji, har ya fitar da littafi a 1819 mai ɗauke da sunan kowane sauti da cutar da yake nunawa. Wato ya ɗaure ji da gani, kowanne na tabbatar da ɗan'uwansa. A riƙe wannan, domin shi ne bambancin sauraron kimiyya da zato.

A fannin fiziks, misalin da ya fi shahara shi ne na'urar Geiger. A farkon ƙarni na ashirin, masu nazarin tartsatsin da ma'adinai irin su rediyam ke fitarwa sukan zauna a ɗaki mai duhu, su jira idanunsu su saba, sannan su riƙa ƙirga ɗan walƙiyar da kowane burbushi ke yi idan ya faɗa kan allo. Aiki ne mai gajiyar da ido, ba a iya daɗewa ana yinsa ba tare da kuskure ba. Hans Geiger, wanda ya yi wannan wahala tare da Ernest Rutherford a Mancesta, shi ne daga baya ya ƙera wani bututu tare da ɗalibinsa Walther Müller a 1928 a birnin Kiel na Jamus. Duk burbushin da ya ratsa bututun yakan haifar da ɗan bugun lantarki, idan aka haɗa da lasifika sai a ji ƙas. Mai neman yuraniyam irin wanda ake haƙowa a Arlit yana iya tafiya idonsa na kan duwatsu, ƙas-ƙas ɗin na zuwa jefi-jefi, har ya taka inda zai koma kamar ana soya gyaɗa.

Inda sauraron lalube ya fi yin abin mamaki shi ne nazarin jijiyoyi. Saƙon da jijiya ke ɗauka ɗan bugun lantarki ne mai ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin dubu na sakan, kuma jijiya ba ta ƙara ƙarfin bugun don ta nuna tsanani, sai dai ta ƙara yawansa. Wannan aiki ne da aka yi wa kunne. Edgar Adrian na Jami'ar Kambirij, wanda ya sami lambar Nobel a 1932, ya ba da labarin wata rana da ya haɗa jijiyar idon kwaɗo da amfilifaya da lasifika a ɗaki mai duhu-duhu. Ya yi ta jin ƙara tana tashi tana faɗuwa, ya rasa dalili. Sai can ya lura cewa ƙarar na bin motsinsa ne: duk lokacin da ya gifta, sai ta tashi. Ashe idon kwaɗon na ganinsa, jijiyar kuma na kai rahoto.

Shekaru talatin bayan haka, a 1958, David Hubel da Torsten Wiesel suna Jami'ar Johns Hopkins suna ƙoƙarin gano abin da ke motsa ƙwayoyin sashen gani na ƙwaƙwalwar kyanwa. Sun soka siririyar waya kusa da ƙwaya ɗaya, sun haɗa da lasifika, suna haska ɗigo fari ko baƙi a gaban idon dabbar. Sa'o'i suka wuce ƙwayar ba ta kula su ba. Ana cikin haka, wajen zura gilashin da ke ɗauke da ɗigon a cikin na'urar haskawa, sai lasifika ta ɓarke da ƙara kamar ana harbi ba ƙaƙƙautawa. Da suka bi sawu, sai suka gano ba ɗigon ne ya tayar da ita ba, inuwar gefen gilashin ce, wato siririn layi mai wucewa a wata karkata ta musamman. Daga nan aka fahimci cewa akwai ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da aikinsu shi ne gane layi da karkatarsa. Sun buga sakamakon a 1959, suka sami lambar Nobel a 1981. Abin lura shi ne, a daidai lokacin da abin ya faru idanunsu na kan gilashin da suke zurawa. Da a ce layi kawai na'urar ke zanawa a takarda, da wuya su haɗa shi da motsin hannunsu. Har yanzu akwai lasifika a ɗakunan nazarin jijiyoyi da yawa, kuma likitocin da ke dasa waya a ƙwaƙwalwar masu cutar karkarwar jiki sukan saurari ƙarar ƙwayoyin don su san sashen da wayar ta kai.

Ilmin taurari ta hanyar rediyo ma daga ƙara ya fito. Kamfanin Bell ya sa injiniyansa Karl Jansky ya binciko abin da ke kawo shuu a layukan tarho na rediyo masu tsallaka teku. Ya gano tsawa ta kusa da tsawa ta nesa, sai kuma wani shuu siriri da ba ya yankewa, wanda ƙarfinsa ke kai ƙololuwa duk bayan sa'a 23 da minti 56. Wannan shi ne tsawon yini idan da taurari aka auna ba da rana ba. A 1933 ya bayyana cewa ƙarar daga tsakiyar gungun taurarinmu take zuwa.

Lokacin da sauti ya zama abokin gaba

A 1981 Gerd Binnig da Heinrich Rohrer, a ɗakin binciken kamfanin IBM kusa da Zurik, suka ƙera madubin da ke nuna ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya. Ba gilashi yake amfani da shi ba. Allura ce mai tsinin gaske ake kawowa dab da fuskar ƙarfe, tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na milimita ba, sai ɗan lantarki ya riƙa tsallakawa. Idan tazarar ta sauya da kashi ɗaya cikin goma na wannan, lantarkin kan sauya kusan ninki goma. To, a irin wannan sikeli, muryar mutum girgizar ƙasa ce. Tari, ko rufe ƙofa, ko babbar mota a titi, duk suna fitowa a hoton kamar zane-zane. Shi ya sa ake ajiye irin waɗannan na'urori a ɗakin ƙasa, a kan tebur mai shawagi bisa iska, kuma masu aiki da su da yawa sun gwammace dare, lokacin da ginin ya yi tsit. Abin dariyar shi ne su ɗin dai sukan haɗa lantarkin allurar da lasifika, domin da kunne suke fara sanin cewa allurar ta dushe ko ta caki ƙarfen, tun hoton bai gama fitowa ba.

Babu inda wannan yaƙi ya kai na cibiyoyin LIGO biyu da ke Amurka, ɗaya a Hanford, ɗaya a Livingston. Kowace tana da bututu biyu masu tsawon kilomita 4, hasken leza na kai da kawowa a ciki, ana jiran wata girgiza da kan ratsa sararin samaniya kansa idan abubuwa masu tsananin nauyi suka yi karo. Motsin da ake nema bai kai faɗin ƙwayar zarra ba, nesa ba kusa ba. Saboda haka an kewaye wuraren da makirfo da ma'aunan girgizar ƙasa masu yawa, aikinsu kawai su ji duniya, don a ware hayaniyarta daga saƙon sama. A Livingston sare itatuwa a dajin da ke kusa ya daɗe yana dagula aiki. A Hanford kuwa, a bazarar 2017, wata ɓaraka ta riƙa fitowa a ma'auni ba a san mafarinta ba, sai da aka saurari abin da wata makirfo ta ɗauka aka ji kamar ana sara. Da aka je, sai ga wasu manyan hankaki suna tsattsagar ƙanƙarar da ta taru a jikin bututun sanyi da ke waje, saboda ƙishirwa.

A ranar 14 ga Satumba 2015 cibiyoyin biyu suka kama saƙo ɗaya, tsakaninsu kashi 7 cikin dubu na sakan. Baƙaƙen ramuka biyu ne, ɗaya ya ninka rana kimanin sau 36 a nauyi, ɗaya sau 29, suka haɗe a nisan da haske ya yi shekara sama da biliyan ɗaya yana tafiya. Girgizar ta tashi daga karkarwa 35 zuwa 250 a sakan, cikin kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Da yake waɗannan lambobi sun faɗo cikin abin da kunne ke ji, sai aka mayar da saƙon sauti, kuma da aka yi sanarwa a ranar 11 ga Fabrairu 2016 duniya ta ji wani ɗan gajeren wuup mai hawa sama.

A nan dole malami ya yi hattara. Ba ƙarar karon aka ji ba, domin babu iska a tsakaninmu da wurin, kuma gwajin Boyle bai tashi aiki ba. Fassara ce aka yi, kamar yadda zanen layi a takarda fassara ne. Kuma ba da kunne aka tabbatar da binciken ba, da lissafi ne na watanni. Wannan bai rage darajar fassarar ba. Wanda Díaz-Merced, 'yar ƙasar Puerto Rico, ta rasa ganinta tana ɗaliba, ta ci gaba da nazarin taurari ta hanyar mayar da lambobi sauti, har ta sami digirin digirgir a Jami'ar Glasgow a 2013. Makarantun da ke sallamar makaho daga ajin kimiyya da hujjar cewa ba zai ga allo ba, ya kamata su san da wannan.

Kunne ma yana ƙarya. Wanda ya saurari na'urar Geiger na minti biyu zai rantse akwai kiɗa a ciki, bugu uku a jere sannan hutu, alhali kuwa fashewar ƙwayoyin zarra ba ta bin wani tsari, ƙwaƙwalwa ce ke ƙirƙiro shi. Mutum biyu kan saurari abu ɗaya su saɓa, kuma jin siraran sautuka na raguwa da shekaru, don haka abin da ɗalibi ke ji malaminsa na iya rasa shi. Akwai kuma abin da ba wanda ke ji cikinmu. Ɓeraye suna ji har suna kiran juna da karkarwa da ta wuce 20,000 nesa, kuma abubuwa irin su famfon ruwa da wasu kayan lantarki suna fitar da irin wannan ƙara. Ɗakin da mai bincike ya ɗauka shiru ne yana iya zama kasuwa a wurin dabbar da yake auna wa bugun zuciya.

A ɗakin gwaji na makarantarmu

Ba sai an je Hanford ba. Manhajar sakandare cike take da sauti, ba a dai kiransa da sunansa ne. Gwajin iskar haidirojin da kowane ɗalibin kemistiri ya haddace na kunne ne zalla: a zuba asid a kan tutiya, a tara iskar a kwalbar gwaji, a kai tsinke mai wuta bakinta, a ji fuf. Murhun Bunsen idan an rufe ƙofar iskarsa harshen wutar ruwan ɗorawa ne kuma shiru yake, idan an buɗe sai ya koma shuɗi yana huci. Idan wutar ta koma ciki tana ci a gindin bututun, muryar takan sauya, kuma wanda bai san wannan murya ba shi ne zai kama bututun da hannu ya ƙone. Ruwan da ake dafawa a kwalba yana iya yin shiru sannan ya yi tsalle gaba ɗaya, shi ya sa ake jefa 'yan tsakuwoyi a ciki, kuma ƙaramar ƙararsu alama ce ta tafasa mai lafiya. Ko a gida, kanwa da ruwan lemun tsami suna ba da shuu ɗin iskar da ke fita. Na'urar juya jini da ba a daidaita nauyin kwalabenta ba tana faɗa da bakinta tun kafin ta fara rawa a kan tebur. Tsiyayar gas ma sau da yawa kunne ke riga hanci.

A wurinmu akwai wani sauti da littattafan da aka rubuta a Turai ba su damu da shi ba, wato shirun ɗaukewar wuta. Lantarkin Nijeriya da Nijar yana juyawa sau 50 a sakan, shi ya sa taransifoma ke gurnani a karkarwa 100. Kunne kan saba da wannan har ya manta da shi, sai ya yanke a farga. Ga mai ajiyar jini ko allurar rigakafi a firji, wannan shiru shi ne ƙararrawa. Idan kuma aka tayar da janareta, wata matsalar ta shigo. Na'urar buga ɗigo a zaren takarda da ake auna gudu da ita a ajin fiziks ta dogara ne da cewa tana buga ɗigo 50 a sakan, domin da juyawar lantarki take tafiya. Ƙaramin janaretan da kaya suka yi wa yawa yakan rage gudu, muryarsa ta yi ƙasa, ɗigon ma ya ragu. Ɗalibin da ya yi lissafi da 50 zai sami amsa karkatacciya, ya yi ta neman kuskure a ƙidayarsa, alhali kuskuren na waje yana ruri.

Gwajin da ya fi dacewa a fara da shi shi ne na auna gudun sauti da bututu da ruwa. A sami dogon bututu a tsaye a cikin ruwa, yadda za a iya ɗaga shi a sauke, da ƙarfen amo mai ƙafa biyu wanda aka rubuta yawan karkarwarsa a jiki. A buga ƙarfen a riƙe a bakin bututun, a riƙa ɗagawa a hankali har inda amon ya cika ɗaki. A auna tsawon iskar da ke ciki, a ci gaba da ɗagawa har amon ya sake cika. A ce ƙarfen na 512 ne, an sami wuri na farko a santimita 16.5, na biyu a 50.8. Bambancinsu 34.3, shi ne rabin tsawon taguwar sautin, cikakkiyarta ke nan mita 0.686. A ninka da 512, a sami kimanin mita 351 a sakan. Ɗalibin da ya haddace 343 zai ce an yi kuskure. Ba a yi ba. Wancan adadi na iska ce mai zafin digiri 20, kuma gudun sauti na ƙaruwa da kusan mita 0.6 a kowane digiri, don haka a ajin da ya kai digiri 34 a watan Afrilu, 351 ita ce amsar. Kada malami ya nuna wa ɗalibai inda amon yake. Kowane ɗalibi ya nemo da kunnensa, ya rubuta a ɓoye, sannan a jera amsoshin a allo. Za a ga sun bambanta da 'yan milimitoci, daga nan kuma darasin matsakaicin adadi da iyakar kuskure ya samu ƙofa.

Aiki na biyu ba ya bukatar kayan aiki. Murray Schafer, wani mawallafin kiɗa ɗan Kanada da ya yi nazarin sautukan muhalli, ya bambanta a littafinsa na 1977 tsakanin sautin da ke shimfiɗe kullum har an daina jinsa, da sautin da ke kiran hankali, da kuma sautin da ya zama shaidar wani wuri shi kaɗai. A zaunar da ɗalibai a ɗakin gwaji minti goma, ido a rufe, ba magana. Bayan nan kowa ya zana taswirar ɗakin, ya sa alama a inda kowane sauti ya fito, ya faɗi ko siriri ne ko kakkaura, mai ɗorewa ne ko mai yankewa, kuma a wane rukuni ya faɗa. A maimaita da safe da kuma bayan azahar, da wutar gari da kuma ta janareta. Sannan a gayyato ma'aikacin ɗakin, wanda galibi ba a tambayarsa kome sai makulli, ya bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya ya faɗi yadda kowace ke kuka idan tana lafiya da yadda take yi idan ta kusa lalacewa. Ɗalibai su rubuta kalmomin da ya yi amfani da su yadda ya faɗe su. Hausa tana da arzikin irin waɗannan kalmomi, su ƙas da fuf da shuu da tangaran, fiye da abin da rahoton Turanci ke bari a rubuta.

Gargaɗi ɗaya game da janareta. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata da yawa ke bi ita ce kada a wuce sa'a 8 a cikin ƙara mai desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi: sa'a 4 a 88, sa'a 2 a 91. Idan sai an ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kamu ɗaya ya ji magana, an kusa wannan iyaka ko an wuce ta. Ƙwayoyin ji da ke cikin kunnen ɗan Adam ba sa sake tsirowa idan sun mutu. A sa ɗalibai su auna da taki nisan janaretan makaranta daga tagar ɗakin gwaji, su gwada daga wane taki ne za su iya jin juna ba tare da ihu ba, su kai wa shugaban makaranta lambobin a rubuce.